Tsokar Malam Sabo Tela

Jiya na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ya san kansa, yana gaya wa wani a waya cewa aikin da aka turo ku koya a nan ba wani abu ba ne, wai canjin ruwa ne kawai. A zuƙe tsohon ruwa, a zuba sabo, a mayar da kwalba cikin inkubeta, akwatin ɗumin nan, a tafi cin abinci. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka da na zo, kuma na fi ku rawar kai. Wata kuma a cikinku ta tambaye ni dalilin jan zaren da ke ɗaure a wuyan ƙaramar kwalbar can ta cikin firji, har ta ce ko na tsafi ne. To ku jawo kujeru, tunda sai ƙwayoyi sun kwanta kafin mu sake taɓa su. Amsarku ku biyun ɗaya ce.

Ni Rifkatu, wadda kuke kira Mama, a Wusasa aka haife ni, aure ne ya kawo ni nan Sabon Gari, kusa da Fagge. Na haura shekara ashirin da biyar ina renon ƙwayoyin jiki a cikin kwalba. Na ce reno, domin ban san wata kalma da ta fi ta dacewa ba. Abu ne mai rai, yana ci, yana yin ƙazanta a cikin ruwan da yake kwance, yana jin sanyi, yana ƙin cunkoso, kuma yana ƙin kaɗaici. Ba ya kuka. Sai dai ki zo da safe ki tarar ya mutu.

Wanda ya koya mini aikin Baba Audu ne, Allah ya jiƙansa. Wata shida na yi a hannunsa ban taɓa ƙwaya ko ɗaya ba, sai wankin kwalabe. A lokacin na gilashi ne, ba irin na roba da kuke yagewa daga leda ku yar in kun gama ba. A wanke, a ɗauraye sau bakwai, a dafa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta. Ya ɗaga kwalba ya duba ta a hasken taga, in ya ga ɗigon ruwa ya maƙale a jikinta, ya miƙo mini in sake wankewa. Na sha yin kuka a bayan famfo. Da ya bar ni na zauna a gaban akwatin iska, inda muke buɗe kwalabe, abu na farko da ya yi shi ne ya tsaya a bayana da rula. Hannuna ya gitta ta saman buɗaɗɗiyar kwalba, rula. Na yi magana fuskata tana kallon aikin, rula. Ba da ƙarfi ba, amma ga kunya. Har yau in na ga hannun ɗayanku ya bi ta saman buɗaɗɗen abu, bayan hannuna ne yake yin zafi.

Dokarsa guda ce ba ya sassautawa a kanta. In kana da kwalabe na mutum ɗaya, kada ka taɓa su duka rana ɗaya. Ka yi aiki a kan wasu, ka bar ɗaya a inkubeta ko buɗe ta kada ka yi. Uwa yake ce mata. Na taɓa ce masa, "Baba, wannan ai ɓata lokaci ne, tunda na iya." Ya ce, "Ranar da kika iya ɗin ce nake tsoro."

A duk waɗannan shekaru, abincin ƙwayoyinmu ɗaya ne. Jan ruwan nan da kuka sani, mai gishiri da suga, sai a ƙara masa siram. Siram ruwan jini ne da ake tacewa daga ɗan tayin saniya, wanda aka tarar a cikin uwarsa bayan an yanka ta, a can ƙasashen waje. Yana zuwa a daskare, launinsa kamar man gyaɗa. Ba wanda zai iya lissafa muku duk abin da ke cikinsa, amma ƙwayoyi suna sonsa. Yana ciyar da su, yana taimaka musu su manne a ƙasan kwalba, kuma yana rufa wa ma'aikaci asiri. Ka yi kuskure kaɗan, siram ya shanye. Mu da muka tashi a kansa ba mu ma san yawan laifin da yake yafe mana ba.

Aikin tsoka ya zo ne tare da Dakta Binta, wadda take shugabantar wannan ɗaki yanzu. Ita ta zaunar da ni ta zana mini a takarda. A jikin kowane zaren tsoka akwai wasu 'yan ƙwayoyi da suke kwance suna barci. In tsoka ta ji rauni sai su farka, su hayayyafa, su haɗe da juna su zama sabon zare. Su ne tushen tsoka. Ta ce su za mu ciro daga jikin masu ciwon shanyewar tsoka, mu rena, a gano irin ciwon kowa, a gwada magunguna a kansu a cikin kwalba maimakon a jikin mutum. Amma ta ce ba da siram ba. Kowace kwalbar siram da halinta, ba ka sanin ko magani ne ya yi aiki ko saniya ce. Kuma abin da ake fatan wata rana a mayar jikin mutum, bai kamata ya tashi a kan jinin dabba ba. Sabon ruwan da ta kawo, duk abin da ke cikinsa an san shi an auna shi, babu na dabba ko ɗigo.

Na ce mata, "Dakta, ƙwayoyi ba za su ci wannan ba. Wannan ai miya ce ba daddawa."

Ta yi dariya ta ce, "Mama, za su ci. Mu ne dai za mu sake koyon girki."

Wannan shekarar ita ce mafi muni a aikina. Ƙwayoyin gwaji da muka fara da su, muka yi ta kashe su. Ba siram, ba sa mannewa, sai an fara shafe ƙasan kwalba da wani sinadari an bar shi ya kama. Na manta sau biyu. Sinadarin da ke sa su hayayyafa kuma ba ya jimre ɗumi, kwana biyu a inkubeta ya lalace, sai an riƙa ƙara sabo. Ga bazara ta yi bazara, kayan da aka aiko mana suka iso ƙanƙararsu ta narke, muka zubar. Ni da nake taƙama ƙwayoyi ba sa mutuwa a hannuna, na koma kamar wadda ta zo jiya. Sai wajen faɗuwar damina hannunmu ya fara zama, Dakta ta ce to, yanzu za mu iya karɓar naman mutum.

Mutumin farko shi ne Malam Sabo, tela a Fagge. Shekara talatin yana taka keken ɗinki, sai ƙafafu suka fara ƙin ɗaukarsa. Da fari hawa matakala, daga baya tashi daga tabarma, har ta kai ba ya iya taka keken. Ƙanensa Lawan ne ya kawo shi a adaidaita sahu, ya tallafo shi har kujera. Shi ma Lawan ɗin na lura da yadda yake jan ƙafar hagu. Ciwon a gidansu yake, ya ci kawunsu, kuma Malam Sabo bai ɓoye ba cewa ba don kansa ya zo ba. Ya ce nasa ya riga ya yi nisa, amma Lawan yana da sauran tafiya, ga kuma 'ya'yansu.

Da ya ji maganata ya ce, "Af, Bazazzagiya ce? Dakta, a hannun mutanen Zazzau za ki bar namana? Ai sai su soya." Na ce, "Malam, naman Bakano ai ba ya soyuwa, duk ƙashi ne da wayo." Daga ranar muka saba.

Dakta ta karanta masa takardar amincewa tiryan-tiryan. Yana ta gyaɗa kai, sai can ya ɗaga hannu.

"Kin ce zai rayu a cikin kwalba. To me za ku riƙa ba shi ya ci?"

A duk shekaruna ba wanda ya taɓa yin wannan tambaya. Dakta ta gaya masa gaskiya, yadda ake yi a da da jinin ɗan tayi, da yadda za mu yi yanzu ba tare da shi ba. Ya murza hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, "Ni karatuna bai kai in ce muku ga hukuncinsa ba. Amma tun da aka haife ni ban ci jini ba. In naman nawa ne, to a ci gaba da ba shi abin da zan iya ci." Dakta ta ce haka yake a rubuce. Ya juyo gare ni, don ya gane ni ce mai girkin. Na ce, "Na yi maka alkawari, Malam." Ya sa hannu.

Likitan fiɗa ya sha wuya kafin ya samu wurin yanka, domin yawancin tsokar cinyar ta zama kitse. Abin da aka kawo mini a cikin ƙanƙara bai fi ƙwayar wake ba. Kuma likitan ya faɗa a fili cewa ba zai sake yanka ba, don babu sauran wuri mai kyau, ga Malam Sabo yana da ciwon suga, rauni ba ya warke masa da wuri. Wato abin da ke hannuna shi ke nan.

Na daddatsa shi da 'yar wuƙa har ya zama kamar niƙaƙƙen tattasai, na narkar, na tace, na raba kwalba uku. Kwana huɗu ban ga komai ba sai tarkace. Ran na biyar na hango su a madubin ƙara girma, 'yan sirara masu tsini biyu kamar ƙwayar shinkafa, ɗaya nan ɗaya can. Kwana goma sha biyu, kwalba biyu sun kusa cika. Ta uku kuwa ta ƙi, 'yan tsiraru ne a warwatse. Ita na bari a matsayin uwa, ba don ta fi kyau ba, sai don ba ta isa rabawa ba.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne wurin. In ƙwayoyin tsoka suka cika kwalba dole a ɗaga su a raba, in ba haka ba sai su fara haɗewa su daina haihuwa. Ana ɗaga su da tirifsin, wani ruwa mai cin abin da ya manne su da ƙasan kwalba. Na da daga cikin alade ake samunsa, namu na yanzu ba ruwansa da dabba, amma cinsa ɗaya ne. Minti uku zuwa biyar, ki ɗan bugi gefen kwalba da tafin hannu, ki ga sun saki sun zama ƙulalai suna yawo. To tirifsin ba ya sanin ya gama aiki. In ba a tsayar da shi ba, sai ya ci gaba da cin ƙwayoyin kansu. A tsohon tsari ba ma ko tunanin wannan, domin da ka zuba ruwa mai siram a kai, siram ya kashe masa kaifi. Zuba ruwan da tsayar da tirifsin abu ɗaya ne a hannunmu. A sabon ruwa babu abin da zai tsayar da shi. Sai an ɗiga wani magani dabam da ake cirowa daga waken soya, wannan dai na awara, sannan a juya a inji a zubar da ruwan sama.

Na san wannan. Ni na rubuta shi da hannuna na manna a bango. Na yi shi daidai ya fi sau ashirin a kan ƙwayoyin gwaji.

Ranar wata Talata ce da hantsi. Ba gajiya nake ji ba, ba wanda ya yi mini magana, wuta ba ta ɗauke ba. Hasali ma daɗi nake ji, ina 'yar waƙar coci a zuci saboda yadda ƙwayoyin suka yi kyau. Na zuba tirifsin, na jira, na bugi kwalba, suka saki. Na zuba ruwa a kai, na raba su kwalba shida, na rubuta suna da kwanan wata, na jera a inkubeta. Hannuna ya yi abin da ya yi shekara ashirin yana yi, ni kuma ina kallonsa ina jin daɗin ƙwarewata. Maganin waken soya yana cikin firji, ko fito da shi ban yi ba.

Washegari na ɗora kwalbar farko a madubi. Ba ko ɗaya da ta manne. Duk suna yawo, sun yayyage, kamar dusa a kan ruwa. Ta biyu haka. Har ta shida. Na buɗe firji don in ɗauko ruwa, idona ya faɗa kan 'yar kwalbar waken soya, cike take yadda na bar ta. Na ja kujera na zauna, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun zamanin rular Baba Audu.

Na je na gaya wa Dakta Binta da bakina. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Muka ɗauko uwa muka duba tare. Tana nan da rai, amma ba ta ƙaru ba, wasu ma sun fara faɗi suna bajewa, alamar tsufa ke nan. Ƙwayoyin tsoka in sun yi nisa da juna ba sa haihuwa, musamman a ruwan da ba siram. Dakta ta ce, "Mama, akwai kwalbar siram ɗaya da ta rage a ƙasan firiza. In muka zuba, ina kyautata zaton za su farfaɗo. Sun fita daga gwajin magani ke nan, amma aƙalla za a iya gano irin ciwon, ko don Lawan. In ba mu zuba ba, ban sani ba." Sannan ta ce, "Amma ba ni ce zan yanke ba, ba ke ba ce kuma. Naman yana da mai shi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na buɗe firizar nan na ɗauko kwalbar siram na riƙe har tafin hannuna ya ƙage. Cokali biyu ne kawai. Ba wanda zai gani a madubi. Na mayar da ita, na cire farar riga, na fita na tari adaidaita zuwa Fagge.

Shagonsa yana cikin wani lungu da kekunan ɗinki ke ta ƙara ta ko'ina. Na same shi a kan benci, ƙafar da aka yanka a miƙe bisa kujera har yanzu da bandeji, yana yanka shadda da almakashi, Lawan yana kan keke. Ya ce, "A'a, Bazazzagiya, ɓatan hanya kika yi? Lawan, ɓoye almakashin nan." Aka ba ni kujera, aka kawo ruwan leda. Muka gaisa, na tambayi ƙafa, ya tambayi maigida da yara. Sannan na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce kashi biyu cikin uku na namansa ya mutu, kuma ba ruwan ne ya kashe shi ba, ba na'ura ba ce, ni ce. Na gaya masa maganar siram da abin da Dakta ta ce.

Lawan ya tsayar da keke. Malam Sabo ya ajiye almakashi.

"Da kin zuba jinin, zan sani?"

"Ba za ka sani ba, Malam."

"To me ya kawo ki cikin ranar nan?"

"Ni zan sani."

Ya daɗe yana kallon ƙanensa. Lawan ya ce, "Yaya, duk abin da ka ce." Malam Sabo ya ce, "Malama, in ba a zuba ba, akwai dabara ko babu?" Na ce akwai guda. In tattara 'yan da suka rage in mayar da su ƙaramin wuri inda za su ji ɗumin juna. Amma kafin in tattara su sai na ɗaga su, kuma da tirifsin ɗin nan da ya kashe 'yan'uwansu zan ɗaga su, kuma wannan karon babu wata uwa a baya.

Ya ce, "Da hannun da ya yi kuskuren?"

Na ce, "Shi ne dai nake da shi."

Sai ya yi murmushi ya ce bari ya ba ni labari. Lokacin da aka fara kawo keken ɗinki na lantarki Fagge, ya hau na wani abokinsa zai ɗinka wa wani ango babbar riga. Ƙafarsa ta saba da takawa da ƙarfi, ya danna, keken ya zabura ya keta wuyan rigar har ƙirji. Ya ce ba rashin sani ba ne, an gaya masa sau uku. Ƙafar ce ba a gaya wa ba. Daga ranar ya ɗaura jan zare a kan matakin, duk sanda ya sunkuyar da kai zai taka sai ya gani ya tuna. Ya miƙa hannu cikin gwangwanin zare, ya warware ja kamar kamu ɗaya, ya tsinke da haƙori ya ba ni.

"A bar shi a kan maganar da muka yi. In sun mutu, kwanansu ne ya ƙare. Ke dai ki gaya wa hannun."

Na dawo na dafa zaren a tukunya tare da kayan aiki, na ɗaura shi a wuyan kwalbar tirifsin, yadda ba zan iya buɗe ta ba sai yatsana ya taɓa shi. Washegari da safe na fito da maganin waken soya tun kafin in fito da komai, na ajiye shi a gabana. Na shafe rami ɗaya a ɗan faranti mai ramuka, ramin bai fi bakin kofin shayi ba. Na zuba tirifsin rabin abin da na saba, na tsaya a kan madubi ina kallo maimakon in dogara da agogo. Suna fara naɗewa na bugi kwalba sau ɗaya, na ɗiga waken soya, na juya a inji a hankali. Abin da ya taru a gindin bututun, sai da na karkata shi a haske kafin na gan shi. Na zuba a ramin, na rufe, na yi addu'a.

Daga nan sai reno. Ban ƙara zuƙe ruwansu duka ba. Rabi nake cirewa in bar rabi, domin ƙwayoyi suna zuba wani abu nasu a ruwa da 'yan'uwansu ke so, kamar yadda mai nono take rage tsohon kindirmo ta zuba a sabuwar madara. Sinadarin haihuwa kuma kullum sabo, har Lahadi, daga coci nake wucewa da ɗankwalina in saka farar riga a kan leshi. Kwana uku ba abin da ya motsa. Ran na huɗu na ga biyu manne da juna kamar gyaɗa a kwanso, wato ɗaya ce ta rabu. Na kira Dakta ta duba, don kada ya zama son zuciyata ne yake gani. Ta ɗago ta ce, "Suna haihuwa, Mama."

Sai da muka yi sati biyar kafin suka cika kwalba huɗu. Na daskarar da wasu a tukunyar sanyi, Dakta ta aika wasu inda aka gano sunan ciwon gidan su Malam Sabo, aka san abin da za a riƙa dubawa a jikin Lawan da yaran. Sauran kuma muka rage musu abinci da gangan. In aka yi haka sai su daina haihuwa, su jeru, su haɗe su zama dogayen zaruruwa, tsoka sosai a kwance a gindin faranti. In aka sa mata 'yar wutar lantarki kaɗan, tana motsi.

Dakta ta ce a kira mai naman. Lokacin ya koma keken guragu, Lawan ne ya turo shi. Muka sa masa riga da hula da takunkumi, ya ce yau Zagezagi sun naɗa shi sarauta. Madubin ya yi masa tsawo, sai da muka sauko da shi kan ƙaramin tebur. Ya ɗora ido, na gyara masa har ya ce ya ga wasu zare-zare kamar an warware ƙyalle.

Na ce, "Naka ne, Malam. Ba su ɗanɗani jini ba ko sau ɗaya. Kada ka ɗauke ido."

Na danna wutar. Zaruruwan suka tsuke, suka saki. Na sake dannawa, suka sake.

Na ga hannunsa ya sauka kan cinyarsa, daidai wurin tabon, ya dafe. Ƙafar tana nan yadda take, ba ta motsa ba. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya ce in yi sauri-sauri, na riƙa dannawa a jere, shi kuma yana gyaɗa kai yana bin bugun, kuma na gane bugun, shi ne wanda na ji a lungunsu ta kowace ƙofa.

Ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Lawan, zo ka gani. Ashe tana nan tana taka keke."

Malam Sabo bai sake tafiya da ƙafarsa ba, kada wani ya fita nan ya ce Mama ta ce mun warkar da mutum. Yana nan a Fagge yana yanka, Lawan yana ɗinki. Ƙwayoyinsa suna cikin tukunyar can ta kusurwa, kuma kwalbar da ke inkubeta yanzu, wadda za a raba yau, jikokinsu ne. Kai mai waya, kai za ka raba ta. Je ka wanke hannu ka sa safar hannu, ka buɗe firji, ka gaya mini abin da za ka fara fitowa da shi.